Idan Maigida Ya Kai Ki Gidan Abincin Tailan: Ki Tambaya Kafin Ki Kai Loma

 

Idan aka ambaci ƙasar Tailan a Funtuwa ko Malumfashi, abin da ke fara faɗo wa kowace mace a rai shi ne buhun shinkafa. Shekara da shekaru muka yi muna dafa 'yar waje, wadda wasu ke kira 'yar gwamnati, a bikin aure da suna da ranar Sallah. Tailan ta shafe kusan shekara 30 tana gaba da kowace ƙasa wajen fitar da shinkafa, har Indiya ta sha gabanta a 2012, kuma Nijeriya na cikin manyan masu sayen ta a wancan lokaci. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya daina ba masu shigo da shinkafa kuɗin waje, a watan Agusta na 2019 kuma aka rufe iyakokin tudu, har da ta Jibiya, sai 'yar Hausa ta samu shiga gidajen da a da ba a kallon ta. Wani abin mamaki shi ne irin shinkafar da suke aiko mana, wadda ake turarawa kafin a cashe, ba ita suke ci a gidajensu ba. Don sayar wa ƙasashen waje suke yin ta.

Ke nan mun san shinkafarsu, amma ba mu san miyarsu ba. To ga shi yanzu zamani ya sa ƙafarmu tana kai wa inda ba ta kai wa a da. Wata maigida zai ɗauke ta zuwa Abuja ko Legas, wata ta je Dubai sarin kaya, wata ta je bikin kammala karatun ɗanta a Maleshiya, wata kuma kasuwanci ko neman magani ya kai ta birnin Bankok kansa. A duk waɗannan wurare akwai gidajen abincin Tailan. Yawansu ma da gangan ne, domin a 2002 gwamnatin ƙasar ta fito da shiri na musamman don ƙara yawan gidajen abincinta a duniya daga kimanin 5,500 zuwa 8,000. Saboda haka ranar da aka ce miki "zo mu shiga nan", yana da kyau a ce kin san abin da za ki tarar, kin san abin da za ki nema, kin kuma san wanda za ki ce a kawar miki da shi.

Abincin 'yan ci-rani ne

Kowane yanki na Tailan da irin girkinsa, kamar yadda tuwon Bakatsine ya bambanta da na Bayarabe. Wanda ya fi yaɗuwa a ƙananan gidajen abinci shi ne na yankin Isan, wato arewa maso gabashin ƙasar, a kan iyakar Lawos. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar daga nan suke. Manoma ne kamar mu, suna noman shinkafa da rogo da rake, sai dai ƙasarsu jigawa ce, ga fari yana yawan damun su. Da an gama girbi sai matasa su kama hanyar Bankok neman kuɗi, wasu tuƙin tasi, wasu leburanci, mata kuma aikatau. Su ne suka tafi da turminsu da gasasshiyar kazarsu, suka kafa rumfuna a bakin titi, har mutanen birni da ke raina su suka koma cin abincinsu. Idan kin tuna yadda mai tsire da mai shayi suka kai abincinmu Legas da Fatakwal, kin gane labarin.

Don haka kada ki sa ran ganin wani ƙasaitaccen wuri. Kujerun roba ne da tebur, ga hayaƙin gawayi, ga ƙarar turmi tana tashi daga kicin. Ba a zuba wa kowa nasa daban. Akan jera kwanuka uku ko huɗu a tsakiya kowa ya riƙa ɗiba, sannan a ba kowa shinkafarsa a wani ɗan ƙaramin kwando mai murfi. Shinkafar mai danƙo ce, turara ta ake yi, kuma da hannu ake cin ta: ki gutsuro, ki mulmula, ki dangwala, tamkar tuwo. Inda aka kawo cokali biyu kuwa, mai yatsun don tura abinci cikin ɗayan ne, ba shi ake kai wa baki ba.

Abin da za a jera miki

Na farko shi ne som tam, wanda za mu iya kira kwaɗon gwanda. Ɗanyar gwanda ce da ba ta fara nuna ba, a fere ta, a yanka siri-siri kamar taliya, a ɗan daddaka ta a turmi tare da tafarnuwa, barkono, tumatir, ɗanyen wake, lemun tsami da ɗan sukari, wani lokaci a watsa soyayyar gyaɗa. Duk macen da ta iya kwaɗon zogale ko na rama ba za ta ga baƙon abu a nan ba.

Na biyu shi ne lab. Nama ne da aka yanka ƙanana sosai, a ɗan dafa shi sama-sama, a haɗa da albasa, na'a-na'a, garin barkono da lemun tsami. Sirrinsa ɗanyar shinkafa ce da ake soyawa ba mai har ta yi ja, a daka ta, a barbaɗa. Aikin da ƙuli-ƙuli ke yi a kwaɗonmu shi take yi musu.

Na uku shi ne kai yang, wato gasasshiyar kaza a kan gawayi, ana kawo ta da wani ɗan romo na garin barkono da tsamiya da ake dangwalawa kamar yaji. A gefe kuma za ki ga ɗanyen kabeji da kokwamba, don su kwantar miki da zafin barkono. Mutanen Isan har fara suna soyawa su ci, kin ga ashe ba mu kaɗai ba ne.

Idan gidan abincin na mutanen kudancin ƙasar ne, to nan barkono ya fi yawa, kuma miyarsu ta sha kurkum har ta yi ɗorawa. A can kudun ne Musulmi suka fi yawa, a lardunan Pattani, Yala, Narathiwat da Satun, kusa da Maleshiya. Mutanen waɗannan larduna ne ke da yawancin shagunan tom yam da ɗalibanmu ke ci a Maleshiya. Tom yam romo ne mai tsami da yaji, da ƙamshin ganyen nan mai warin lemo da muke sakawa a shayi. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa wanda ake yi da jatan lande cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Akwai kuma miyar massaman, wadda masana da dama ke cewa sunanta daga kalmar Musulmi ya samo asali. Da madarar kwakwa ake yin ta, da dankalin Turawa, gyaɗa, kirfa, kanumfari da tsamiya. Ba ta da yaji sosai, ita ce ta fi dacewa da yara da wanda ya fara ɗanɗana abincin.

Ki lura da kayan da muka lissafa. Barkono, tumatir, albasa, gyaɗa, gwanda, tsamiya, lemun tsami, shinkafa. Babu wanda ba za ki samu ba a kasuwar Funtuwa, Bakori, Ɗanja ko Ƙafur. Abin da ya bambanta girkinsu da namu shi ne yadda suke son a ji tsami da gishiri da zaƙi da yaji duk a loma ɗaya, ba tare da wani ya danne wani ba.

Inda gizo ke saƙar

A nan ne ya kamata ki buɗe ido, domin abin da ke cikin kwanon ya fi abin da ido ke gani. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanen Tailan mabiya addinin Buda ne, Musulmi kuwa ba su wuce kimanin kashi 5 ba. Naman alade yana cikin naman da suka fi ci. Lab ɗin da muka ambata sau da yawa da shi ake yi. Akwai wani tsiren Isan da ake ɗura niƙaƙƙen nama a cikin hanji a gasa, shi ma na alade ne. Akwai soyayyar fatar alade da ake kawowa a gefen abinci, wadda idan ba ki sani ba sai ki ɗauka wani irin cincin ne. Wasu suna zuba jini a romon taliya don ya yi kauri, wasu kuma suna cin lab ɗanye da jininsa. Haramcin mushe da jini da naman alade kuwa a bayyane yake a aya ta 3 ta Suratul Ma'ida.

Ko da kin ce kaza kike so, saura tambaya biyu. Wa ya yanka ta? Mabiya Buda ba Ahlul Kitabi ba ne, don haka yankansu bai halatta gare mu ba. Sannan da wane ruwan nama aka yi miyar, kuma a wane kasko aka soya? Gidajen abinci da yawa da ƙashin alade suke tafasa romon da suke zubawa a kowace miya, har ta ganye.

Idan a Tailan kike, ki nemi tambarin halal na Majalisar Ƙoli ta Musulunci ta ƙasar, wanda aka rubuta kalmar da Larabci a tsakiyar wani zane mai kusurwa huɗu. Ana manna shi a ƙofar gidan abinci da jikin kayan gwangwani. A Bankok, unguwar Nana, layi na 3 a kan titin Sukhumvit, cike take da gidajen abincin Larabawa da na sauran Musulmi. Yana da kyau kuma ki riƙe kalmomi huɗu a ka: mu shi ne alade, kai kaza, nuea naman sa, pla kifi. Idan kin ga mu a ƙarshen sunan abinci, ki wuce shi.

Idan a Abuja ko Legas ne, kada ki ce ai gida ne. Ki duba takardar jerin abincin tun daga sama har ƙasa. Idan akwai alade a ciki, ki tambaya ko kasko ɗaya ake amfani da shi. Ki tambayi inda suke sayen nama, ki tambaya ko suna sa giya a girki. Babu abin kunya a wannan. Wanda zai biya kuɗinsa yana da haƙƙin sanin abin da zai ci, kuma Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Idan kunya ta hana ki, ki raɗa wa maigida ya tambaya, domin nauyin ciyar da iyali da halal a wuyansa yake. Amsar da ba ta gamsar ba, ku koma kan gasasshen kifi da farar shinkafa, ko ku yi musu sallama cikin mutunci.

Akwai wani abu da warinsa zai iya tayar miki da hankali alhali ba haram ba ne. Maimakon gishiri, su da ruwan kifi suke girki. Ƙananan kifaye ake jiƙawa da gishiri wata da watanni, a tace ruwan, su kira shi nam pla. Mutanen Isan suna da wani mai kauri da ya fi wannan wari, sunansa pla ra. Matsayinsa a wurinsu kamar daddawa ne a wurinmu, kuma kin san yadda baƙo ke yamutsa fuska ranar da ya fara jin warin daddawa. Kifi da jatan lande da ƙaguwa duk halal ne a mazhabar Malikiyya da muke bi.

Batun barkono da lafiya

Kada a tsorata ki da labarin yajinsu. Barkono ba ɗan asalin Tailan ba ne, kamar yadda ba ɗan asalin ƙasar Hausa ba ne. Daga nahiyar Amurka ya fito, Turawan Fotugal suka yaɗa shi a duniya, kuma sun isa Tailan a 1511. Akwai ma'aunin zafin barkono da wani masanin magunguna Ba'amurke, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912. A wannan ma'auni ɗan ƙaramin barkonon Tailan yana tsakanin 50,000 da 100,000, attaruhun da kike jajjagawa kullum kuwa yana tsakanin 100,000 da 350,000. Kin ga namu ya fi nasu zafi. Bambancin shi ne su ɗanye suke dakawa, su zuba da yawa, babu mai ko tumatir ɗin da zai rage masa kaifi. A wurin som tam sukan tambayi guda nawa za a sa. Ki fara da ɗaya ko biyu. Idan ba kya so sam, ki ce mai phet.

Idan yaji ya kama ki, ruwa ba zai yi miki magani ba, domin sinadarin da ke kawo zafin ba ya narkewa a ruwa. Madara ko nono ko lomar shinkafa sun fi saurin kwantar da shi.

Mutane da yawa suna ɗora wa barkono laifin gyambon ciki. Binciken likitoci ya nuna yawanci wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda likitoci biyu 'yan Ostireliya suka gano har aka ba su kyautar Nobel a 2005, sai kuma yawan shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac. Amma wadda ta riga ta kamu, ko mai fama da ƙwannafi, yaji zai iya tayar mata da ciwon, don haka ta yi hankali.

Mai juna biyu ta haƙura da kwaɗon gwanda har ta sauka, saboda ƙaron da ke jikin ɗanyar gwanda ana jin tsoron ya motsa mahaifa. Mai hawan jini ta sani cewa cokali ɗaya babba na ruwan kifin nan yana ɗauke da fiye da rabin gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce a yini. Yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko jatan lande, a faɗa tun kafin a ɗora girki. Sannan duk abin da aka ce ɗanye ne, nama ko kifi ko ƙaguwa, ki bar shi. A yankin Isan cin ɗanyen kifin rafi yana sa wa mutane wata tsutsar hanta, har lardin Khon Kaen ya shiga cikin wuraren da suka fi fama da sankarar magudanar matsarmama a duniya.

Aljihu da zaman gida

Fita cin abinci tare da maigida abu ne mai daɗi, yana sabunta zumunci, yana kuma hutar da ke daga murhu ko da na yini ɗaya ne. Amma ki taimaka masa a kan lissafi. Ki duba farashi kafin a yi oda, ki tuna cewa a Nijeriya ana ɗora harajin kashi 7.5 cikin 100 tun daga 2020, wasu wuraren kuma su ƙara kuɗin hidima. Tun da a tsakiya ake ajiyewa, kwano uku da shinkafa sun ishi mutum huɗu. Abin da ya rage a ce su ƙunshe muku, almubazzaranci ba wayewa ba ne. Kuɗin kaka yana da saurin ƙarewa, ga kuɗin makaranta, ga takin baɗi yana jira. Idan kuma ku biyu ne ko uku a gidan, kyautatawa ce ki tuna masa cewa 'yar'uwarki ma tana da haƙƙin irin wannan fita.

Ki lura da wurin kafin ku zauna. Inda ake kiɗa da shaye-shaye ba wurin kai yara ba ne. Ku zaɓi lokacin da ba zai ci muku sallah ba, a wanke wa yara hannu, a yi bisimilla kamar a gida.

Ki gwada a kicin ɗinki

Wadda tafiya ba ta kama ta ba, ga yadda za ta yi kwaɗon gwanda a gida. Ki samu ɗanyar gwanda matsakaiciya, ki fere, ki cire 'ya'yan, ki goge ta a magogi mai manyan ƙofofi, ki jiƙa a ruwan sanyi na minti goma, ki tsane. Ki daka tafarnuwa ƙwaya biyu da barkono ɗaya ko rabin attaruhu a ƙaramin turmi. Ki zuba cokali ɗaya na mazarƙwaila, ruwan lemun tsami guda biyu, gishiri kaɗan da ɗan dakakken busasshen kifi. Ki yanka tumatir biyu ki ɗan murje su a ciki. Sai ki zuba gwandar, kina ɗan bugawa da taɓarya kina juyawa da cokali, don ruwan ya shige ta ba tare da ta dame ba. Ki ɗanɗana: idan tsami ya yi yawa ki ƙara mazarƙwaila, idan zaƙi ya yi yawa ki ƙara lemo. Ki watsa soyayyar gyaɗa, ki kai wa maigida da gasasshiyar kaza ko zabuwa da tuwon shinkafa mai ɗan tauri.

Gwandar da iska ke kaɗowa ɗanya a bayan ɗaki, wadda muke bar wa awaki, ita ce matan Isan suka mayar sana'ar da ke ciyar da gidajensu. Uwargidan da ke sayar da abinci daga cikin gida za ta iya gwada wannan kwaɗo ga masu sayen kaza da tsire, musamman a lokacin da tumatir da barkono suka yi araha a Ɗanja.

Allah ya ciyar da mu halal, ya ba mu lafiyar ci, ya sa albarka a gonakinmu da gidajenmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa da yardar Allah.